Fatsar ƙuda: Sha'awar da ta sa ake kiwon zakaru don gashinsu, ake kama kifi a sake shi

A wani dare cikin watan Yunin 2009, wani saurayi Ba'amurke ɗan shekara 20, Edwin Rist, ya sauka daga jirgin ƙasa a Tring, wani ƙaramin gari da ke arewa maso yammacin Landan. Yana jaye da akwatin tafiya wanda babu komai a cikinsa. Ɗalibi ne a makarantar koyon kiɗa ta Royal Academy of Music, inda ake masa kallon gwanin busa sarewa mai tasowa. Ya haura katangar gidan adana kayan tarihin halittu na garin, ya fasa gilashin wata taga, ya shige. Kafin gari ya waye ya fita da busassun tsuntsaye 299, masu gashi ja da shuɗi da ruwan zinari, waɗanda aka kawo daga dazuzzukan Kudancin Amurka da tsibiran Asiya. Wasu daga cikinsu masanin halittu Alfred Russel Wallace ne ya tattaro su da hannunsa, kimanin shekara 150 kafin wannan dare.

Ma'aikatan gidan sun ga tagar da aka fasa, suka duba kayan da suka fi tsoron a sace, suka tarar suna nan, hankalinsu ya kwanta. Sai da aka yi fiye da wata guda kafin wani ya jawo akwatunan ajiya ya ga wayam. Ƴan sanda ba su kai ga Rist ba sai a watan Nuwamban 2010. A Afrilun 2011 kotun St Albans ta yanke masa ɗaurin wata 12 na jeka-ka-gyara-halinka, daga baya kuma aka umarce shi ya biya fam 125,150, wato sama da miliyan 90 na CFA. Tsuntsaye 174 aka samu a wajensa, kuma da yawa an riga an cire musu ƴar takardar da ke ɗaure a ƙafarsu, mai ɗauke da ranar da aka kama su da wurin. Ga masu bincike, tsuntsun da ya rasa wannan takarda tarin gashi ne kawai. Sauran kuwa sun bi kasuwar intanet, wasu ɗungurungum, wasu an fige su an ƙulla gashin a ƴan ledoji.

To su wa ke sayen gashin mataccen tsuntsu da ɗaruruwan daloli? Masu ɗaurin ƙudan ƙarya ne, wani reshe na wata sha'awa da ta kama miliyoyin mutane a Turai da Amurka da Japan da Niyu Zilan: kamun kifi da ƙugiyar da aka naɗe da gashi da zare har ta yi kama da ƙwaro. Faransawa na ce mata pêche à la mouche. A Hausance ana iya cewa fatsar ƙuda.

Igiya ce ke ɗaukar ƙuda

Masuncin da ke jefa fatsa a tabkin Madarunfa ko a bakin kogin Isa a Gaya ya san aikinsa. Zai soka tana ko ɗan guntun kifi a ƙugiya, ya ɗaura darma, ya wurga, nauyin darmar ya ja zaren zuwa inda yake so. Kifi ya ji ƙanshi ya haɗiye. A fatsar ƙuda babu koto, babu ƙanshi, sau da yawa kuma babu darma. Ƙudan ƙaryar bai fi gashin kaza ɗaya nauyi ba, ko ƙato ne ya jefa shi da hannu ba zai wuce taku biyu ba. Don haka aka mayar da nauyin cikin igiyar kanta. Igiya ce mai kauri, lulluɓe da roba, wadda masunci ke kaɗawa gaba da baya a saman kansa kamar mai kaɗa bulala, tana warwarewa a iska tana ƙara tsawo, har ya sake ta ta miƙe a kan ruwa mita 10 ko 15 daga inda yake tsaye. Ɗan koyo kan share makonni yana kama rassan itace da kunnen kansa kafin hannunsa ya faɗa.

Sandar da aka fi amfani da ita ta kai mita 2.7. A da da gora ake yin ta, wata gora ta musamman daga kudancin Sin da ake tsagawa a fere, a manne tsagi shida su zama sanda guda. Har yanzu akwai masu sassaƙa ta da hannu, kuma tsadarta ba ta talaka ba ce. Yau galibi da zaren kabon ake yi, mara nauyi. Tsakanin igiya da ƙudan ana ɗaura wani zaren nailan garai-garai mai tsawon mita uku ko fiye, wanda ke sirancewa har ƙarshensa ya kusa zama silin gashin kai. A zamanin da can, da gashin wutsiyar doki ake yin wannan aiki.

Duk wannan wahala saboda kifi guda ne, wanda Ingilishi ke kira trout, Faransawa kuma truite. Tirawut kifin ruwan sanyi ne mai ɗigo-ɗigo a jiki, dangin kifin salmon, yana son ƙoramu masu gudu da ruwa tas wanda ake hango tsakuwar ƙasansa. Yakan tsaya wuri guda yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana jiran abin da igiyar ruwa za ta kawo masa. Idonsa kaifi gare shi. Inuwar mutum ta gifta, ko takun ƙafa ya yi ƙarfi a gaɓa, ya ɓace. Karin maganar nan ta "kifi na ganinka, mai jar koma" kamar don shi aka yi ta. Abin da ya fi ba masunta ciwon kai shi ne, ƙwaro na gaske yana tafiya ne daidai da gudun ruwan da ke ɗauke da shi. Idan igiya ta ja ƙudan ƙarya ya ɗan karkace, ko ya bar ɗan layi a bayansa a saman ruwa, kifin zai taso, ya dube shi, ya juya abinsa. Masunci na kallon wannan wulaƙanci da idonsa, kuma masu abin sun ce a nan daɗin yake.

Dole kuma masunci ya zama rabin masanin ƙwari. Babban abincin tirawut shi ne wasu ƙwari da ke rayuwa a ƙasan kogi suna ƙanana, sannan su taso sama su fasa fatarsu su fito da fukafukai. Mafi shahara shi ne wanda Faransawa ke kira éphémère, ƙwaron kwana ɗaya. Babban nau'insa na Turai kan yi kimanin shekara biyu binne cikin yashin kogi, in ya fito kuma ba shi da bakin cin abinci, aikinsa kawai ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai a ruwa, su mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. A Ingila suna fitowa ne tsakanin ƙarshen Mayu da farkon Yuni, tuli guda kamar yadda shinge ke tashi bayan ruwan farko, kifi ya haukace da ci har ya manta da tsoro. Ingilishi na kiran wannan lokaci makonni biyun ɗan koyo, don ko wanda bai iya ba yana samu. A sauran kwanakin shekara kuwa, sai mutum ya duba wane ƙwaro ne ke kan ruwa a wannan sa'a, girmansa da launinsa, ya buɗe ɗan akwatinsa ya zaɓo mai kama da shi.

A nan sha'awa ta biyu ta samo asali, wadda wasu ta fi cin ransu fiye da kamun kifin. Lokacin hunturu, in an rufe kamun tirawut don kifi ya hayayyafa, mai ɗaurin ƙuda zai zauna gaban tebur da fitila. Akwai wani ɗan ƙarfe da ke matse ƙugiya ya riƙe ta cak. Zai fara naɗa siririn zare daga ƙwarƙwaro, ya ɗaura ƴan silin gashi uku ko huɗu su zama wutsiya, ya murza gashin zomo a jikin zaren ya naɗa ya zama ciki, ya kafa fukafukai biyu, sannan ya ɗauko gashin wuyan zakara guda ya zagaya shi a bayan idon ƙugiyar har silinsa su miƙe kamar ƙafafu. Waɗannan sili ne ke tallafe ƙudan ya tsaya a saman ruwa bai nutse ba. Ƙugiyoyin lamba gare su, kuma yadda lamba ke hawa haka ƙugiya ke ƙanƙancewa: lamba 12 zuwa 18 aka fi ɗaurawa, amma akwai lamba 24 wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Gwani kan gama ƙuda mai sauƙi cikin ƴan mintoci. Kowane samfuri da sunansa da tarihinsa, kamar yadda ɗinkin babbar riga ke da aska biyu da aska takwas. Wanda ake kira Adams, misali, Leonard Halladay ne ya fara ɗaura shi a jihar Mishigan a 1922, ya sa masa sunan abokinsa Charles Adams, kuma har yau da wuya a buɗe akwatin masunci a Amurka ba a gan shi ba.

Rigimar malamai a bakin kogi

Abin ya tsufa. Wajen shekara ta 200 miladiyya, wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Makedoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su haɗa da gashi biyu masu launin kakin zuma daga ƙarƙashin haɓar zakara, su kama wani kifi mai ɗigo-ɗigo. A 1496 aka buga wani ɗan littafi a Ingila da ya lissafa ƙudaje 12 da watannin da ya dace a yi amfani da kowanne. Ana danganta shi da wata mata mai zaman ibada, Juliana Berners, ko da yake masana tarihi na shakkar hakan. A lardin Leon na Sifaniya akwai rubutun hannu na 1624 kan wannan sana'a, kuma har gobe ana kiwon wasu zakaru a can saboda ƙyallin gashinsu. Mazauna duwatsun Japan su ma sun ƙirƙiro tasu hanyar da kansu, tenkara, sanda da igiya da ƙuda kawai, don su sayar da kifi su ci abinci.

Amma a kudancin Ingila ne abin ya koma kamar ɗariƙa. A can akwai wasu koguna, irin su Test da Itchen, da ruwansu ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin duwatsun alli, sanyi ƙalau rani da damina, garai-garai kamar gilashi. Irin waɗannan koguna kaɗan ne a duniya, mafi yawansu kuma a Ingila suke. Gaɓarsu mallakar masu hali ce, kamun kifi a cikinsu sai da izini mai tsada. A nan wani attajiri, Frederic Halford, ya fitar da littattafai biyu a 1886 da 1889 da suka kafa ƙa'idar busasshen ƙuda: mutumin kirki zai jira har ya ga kifi ya taso yana cin ƙwari a saman ruwa, ya lallaɓo ta bayansa, ya jefa masa ƙuda mai yawo a sama wanda ya yi daidai da ƙwaron da yake ci. Almajiransa suka ɗauki abin da zafi fiye da malamin. A wurinsu, duk wanda ya bar ƙudansa ya nutse bai san mutunci ba, kusan ɓarawon kifi ne.

Sai ga wani lauya daga Landan, G.E.M. Skues, wanda ke kamun kifi a kogin Itchen tun 1883. Shi mai bin diddigi ne. In ya kama kifi sai ya zura masa wani siririn cokali ta baki, ya kwaso abin da ke cikinsa ya zuba a farin faranti da ruwa. Abin da ya riƙa gani shi ne, galibin abin da kifin ya ci ƴaƴan ƙwari ne da ba su riga sun fito da fukafukai ba, ya tsince su a ƙarƙashin ruwa suna kan hanyar tasowa. Ashe kifin da ake zaton yana ci a sama, sau da yawa ɗan ƙasa kaɗan yake ci. Skues ya fara ɗaura ƙudaje masu kama da waɗannan ƴaƴan ƙwari, ya rubuta hujjojinsa a littattafan da suka fito a 1910 da 1921. Halford ya mutu a 1914, amma mabiyansa ba su yafe ba. A 1938 ƙungiyar Flyfishers' Club ta Landan ta shirya muƙabala a kan batun, manyan masu faɗa a ji suka taru a kan tsoho ɗan shekara kusan 80. A wannan shekara ya bar yankin kogin da ya yi shekara 56 yana kamun kifi a ciki, ya koma wani kogin. Dattawa masu furfura sun ɓata da juna a kan ko ƙugiya za ta tsaya a saman ruwa ko ta nutse da ɗan yatsa guda, kuma a wasu sassan waɗannan koguna dokar busasshen ƙuda na nan har yau, aƙalla a farkon kaka.

Lokaci dai ya gaskata Skues. Wanda ya ƙarasa aikin ma ba attajiri ba ne, mai gadin kogi ne a Avon, Frank Sawyer. Ya ɗauki siririyar wayar jan ƙarfe da ƴan sili daga wutsiyar wani tsuntsun dawa dangin fakara, ya naɗa su a ƙugiya ba tare da ko zare ba. Wayar ta ba shi nauyin nutsewa, silin suka ba shi kamar ƙwaro. Ya bayyana shi a littafinsa na 1958, kuma wannan abu mai arha na cikin ƙudajen da suka fi kama tirawut a duniya. A gasar duniya ta fatsar ƙuda, wadda aka fara a 1981, da ƙudaje masu nutsewa ake kama mafi yawan kifi, kuma ƴan Faransa da Cek da Sifaniya na cikin waɗanda suka fi iya su.

Zabo, jimina da zakarun Kolorado

Wanda ya leƙa shagon kayan ɗaurin ƙuda a Turai zai ga tsofaffin sanayya. Gashin zabo, da ɗigo-ɗigonsa fari da baƙi, ana sayar da shi a ƙananan ledoji, wani a rine ja ko shuɗi, ana yin ƙafafun ƙwaro da shi. Abin da ake figewa a zubar a bayan gida ranar salla, a can da kuɗi ake saye. Akwai gashin jimina, akwai na ɗawisu mai walƙiya. Akwai wani gashi mai laushi da ke motsi cikin ruwa kamar abu mai rai, wanda ake kira marabu saboda asali daga jikin babba-da-jaka ake samo shi, ko da yake yanzu na talo-talo ne ake sayarwa da wannan suna. Mutanen yankin Jura, kan iyakar Faransa da Suwizalan, su suka gano amfanin ƴan gashin da ke kewaye da tsukin man da ke bayan agwagwa, waɗanda ba sa jiƙewa da wuri.

Sarkin su duka shi ne gashin zakara. Busasshen ƙuda na bukatar gashi dogo, siriri, mai sili gajeru masu tauri, kuma zakaran gida ba ya ba da irinsa sai kaɗan. Saboda haka aka shiga zaɓen iri. Wani masanin kiwon kaji, Tom Whiting, ya kafa gona a garin Delta na jihar Kolorado a 1989, ya sayi irin zakarun da wani mai suna Henry Hoffman ya daɗe yana tacewa, ya ci gaba da haɗa su. Yau zakarun gonar na fitar da gashin baya da ya wuce santimita 30, siriri kamar igiyar takalmi, har sai da aka riƙa zaɓen masu dogayen ƙafafu don kada su taka shi. Ana kiwon zakara kusan shekara guda, a yanka shi, a feɗe fatar wuya da ta baya da gashinsu a busar. Nama ba shi ne abin nema ba. A 2011 sai ga wata fitina daga inda ba a zata ba: yayin saƙa gashin zakara cikin gashin kai ya ɓarke tsakanin matan Amurka, bayan an riƙa ganin mawaƙi Steven Tyler da shi a talabijin. Masu gyaran gashi suka afka wa shagunan masunta suka kwashe kaya, farashi ya ninka sau da yawa, wasu masu shaguna har suka riƙa ɓoye gashin don tsofaffin abokan cinikinsu.

Mai ɗaurin ƙudan tirawut dai ba ya bukatar tsuntsun da doka ta hana taɓawa. Masu sayen kayan Edwin Rist wani rukuni ne daban, masu ɗaurin ƙudan salmon irin na zamanin Sarauniya Biktoriya. A wancan zamani, da jiragen daular Ingila ke kwaso gashin tsuntsaye daga ko'ina don hulunan mata, an ƙirƙiro ƙudaje masu haɗa gashin tsuntsaye goma ko fiye a ƙugiya ɗaya. Kifin salmon bai damu da wannan ado ba, don in ya shigo kogi daga teku ba ya ma cin abinci. Masu bin wannan salo a yau kan share sa'o'i da dama a kan ƙuda guda, su sa shi a gilashi su rataye, da yawansu ba su taɓa jefa shi a ruwa ba. Sai dai littattafan da suke bi sun ambaci tsuntsayen da yanzu yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu, kuma akwai waɗanda ba sa yarda da gashin kaza rinanne a madadinsu. Marubuci Kirk Wallace Johnson, wanda ya bi sawun satar ya fitar da littafi a kanta a 2018, ya nuna yadda wasu a cikinsu suka ƙi tambayar inda gashin ya fito.

Hannun ƴan Kenya

Duk inda Ingilishi suka je mulkin mallaka suka tarar da tsauni mai ruwan sanyi, sai sun kai tirawut. A 1864 aka yi nasarar kai ƙwansa tsibirin Tasmaniya a jirgin ruwa, cikin gansakuka da ƙanƙara, daga can ya wuce Niyu Zilan. A Afirka, in ban da duwatsun Atlas na arewa inda yake ɗan ƙasa, baƙo ne. An kai shi Afirka ta Kudu a ƙarshen ƙarni na 19. A Kenya kuwa, Ewart Grogan ne ya shigo da ƙwan a 1905 aka zuba a kogin Gura da ke tsaunukan Aberdare, kuma a 1919 Turawan can suka kafa ƙungiyarsu ta fatsar ƙuda, wadda ke nan har yanzu.

Abin da ya fito daga wannan shi ne sana'ar da ba kowa ya san da ita ba. A shekarun 1930 wani matashin Bature, Denis Whetham, wanda raunin wasan rugby ya kwantar, ya koyi ɗaurin ƙuda, daga baya ya koya wa ma'aikata a Kenya ya fara fitarwa waje. Yau Kenya na cikin manyan ƙasashen da ke ɗaura wa duniya ƙudan ƙarya, tare da Tailan da Siri Lanka. Kamfanin Fulling Mill na Birtaniya na da masana'anta a Kericho, garin ganyen shayi, ban da ƙananan wurare masu yawa a Nairobi da kewaye. Har yau babu injin da ya iya wannan aiki, kowane ƙuda da hannu ake ɗaura shi. Ana shigo da ƙugiya da gashin zakara daga waje, maza da mata su zauna layi-layi suna naɗi, a biya su da dozin, a mayar da kayan Turai da Amurka inda ake sayar da ƙuda ɗaya a kan daloli. Tazarar da ke tsakanin abin da mai ɗauri ke samu da abin da mai saye ke biya babba ce, kuma da yawa cikin masu ɗaurin ba su taɓa riƙe sandar fatsar ƙuda ba.

Baƙon kifin ya zo da nasa ɓarnar. Tirawut mafarauci ne, in ya shiga ƙoramar da ba ta san shi ba yakan cinye ƙananan kifaye da ƴaƴan kwaɗi na wurin. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa manyan nau'o'insa biyu cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya ɓarna. A Lesoto ya kora wani ɗan ƙaramin kifin tsaunukan Maloti zuwa ƴan wuraren da gangaren ruwa ya hana shi hawa. A Afirka ta Kudu an yi shekaru ana ja-in-ja, har gaban kotu, tsakanin hukumomin muhalli da ke son a sa shi cikin jerin baƙi masu ɓarna da masunta da masu masaukai na garuruwa irin su Dullstroom, waɗanda cinikinsu ya dogara a kansa.

A kama, a sake

Abin da zai fi ɗaure wa Basarke kai shi ne ƙarshen wasan. Bayan duk kuɗin sanda da tafiya da tsayuwa cikin ruwan sanyi har ƙugu, masunci zai jawo kifin, ya jiƙa hannunsa don kada ya goge masa yauƙin jiki, ya zare ƙugiyar da tun farko aka danne kunnenta, ya riƙe shi cikin ruwa har ya farfaɗo, ya sake shi. Ba'amurke Lee Wulff na cikin waɗanda suka fara yaɗa wannan ra'ayi tun shekarun 1930, ƙungiyar Trout Unlimited da aka kafa a Mishigan a 1959 kuma ta ƙarfafa shi. Hujjarsu lissafi ce: masunta sun yi yawa, koguna ba su ƙaru ba, in kowa ya tafi gida da abin da ya kama, cikin ƴan shekaru ba sauran babban kifi. Bayan fim ɗin A River Runs Through It na 1992, wanda ya jawo dubban sabbin masu sha'awa zuwa kogunan Montana, lissafin ya ƙara fitowa fili.

Ba duka Turawa suka yarda ba. Dokar kare dabbobi ta Suwizalan ta 2008 ta hana mutum ya je kamun kifi da niyyar sakinsa, a Jamus ma ana iya gurfanar da mai yin haka. A ganinsu, wanda ya soki dabba don ya ci yana da dalili, wanda ya soke ta don nishaɗi kawai ba shi da shi. Masuncin Tabalak da ke ciyar da gida da komarsa zai fi gane wannan hujja.

Babbar barazanar yanzu zafi ne. Ruwa in ya ɗumama iskar da kifi ke shaƙa na raguwa a cikinsa, kuma tirawut na fara galabaita da zarar ruwa ya haura digiri 20. Kifin da aka ja aka wahalar a irin wannan ruwa, ko an sake shi yakan mutu daga baya. A Montana, in zafin kogi ya kai kusan digiri 23 kwana uku a jere, hukuma na hana kamun kifi daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare. Suna kiranta dokar kukan mujiya, don sai mai sammako ke samun shiga ruwa. A watan Agustan 2016 sai da aka rufe kusan kilomita 300 na kogin Yellowstone baki ɗaya, bayan wata cuta da ƙarancin ruwa da ɗuminsa suka tsananta ta kashe dubban kifaye, masu jagorancin baƙi da masu masaukai suka zauna ba aiki ana tsakiyar kakarsu.

Wannan zafi ne ya sa tirawut ba zai rayu a kogin Isa ko tabkin Cadi ba. Salon kamun dai ya iso kusa. A kogin Faro da ke arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, wani kamfanin Afirka ta Kudu mai suna African Waters na kai baƙi fatsar ƙuda lokacin rani, in ruwa ya janye ya yi garau. Da rana tsage suke nema, suna ɗaura ƴar waya gaban ƙudan saboda haƙoransa na datse nailan. In magariba ta yi sai su koma manyan gurabu, inda dorina ke kwana, su riƙa jefa ƙudaje masu tsawon tafin hannu da aka ɗaura su yi kama da ƙaramin kifi, suna jiran giwan ruwa. Wadda aka kama, a auna ta, a ɗauki hoto, a mayar da ita ruwa.